Da ruwan ciki ake jan na rijiya: rabon aiki tsakanin ƙauye da masu tallafi

Duk wanda ya saba shiga karkara, a kowace nahiya ce, ya taɓa cin karo da irin wannan: famfon tuƙa-tuƙa tsaye a kan dandamalin siminti, hannunsa ya saki, in ka danna sai ya tafi ƙasa fayau babu nauyin ruwa. Ciyawa ta tsiro a tsagar simintin, magudanar ta bushe, ga allo a gefe ɗauke da sunan ƙungiyar da ta yi aikin, ko fentinsa bai gama koɗewa ba. Mata da yara sun koma kududdufin da suka baro. Idan makanike ya zaro sandunan ya duba, sau da yawa abin da ya lalace bai wuce wata 'yar roba da ba ta kai tafin hannu ba. Ka tambayi mutanen gari me ya hana a gyara, sai su ce ana jiran masu shi su dawo. A cikin kalmar nan ta "masu shi" matsalar take kwance, domin tun ranar da aka kafa famfon babu wanda ya ɗauke shi nasa a garin.

Ƙididdigar masana harkar ruwa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ta nuna cewa a kowane lokaci, tsakanin ɗaya cikin biyar da ɗaya cikin uku na famfunan hannu ba sa ba da ruwa. Irin wannan asara ce ta sa tun daga shekarun 1990 masu ba da tallafi suka karkata ga tsarin ci gaban da al'umma ke jagoranta, wato a bar mutanen ƙauye su zaɓi aikin, su riƙe kuɗin, su sa ido, su ci gaba da kula da shi. Bankin Duniya, a wani rahotonsa na 2013, ya ce ya zuba kimanin dala biliyan 85 cikin shekara goma a ayyuka masu wannan tsari. Sakamakon kuwa ya zo a gauraye: a wani wuri an ga alheri, a wani wuri 'yan tsiraru sun wawashe, a wani wuri kuma an gina abin ya mutu kamar yadda na da suka mutu. Abin da shekarun nan suka koyar shi ne, faɗin "a bar wa jama'a" kaɗai ba ya wadatarwa. Aiki ɗaya yana ƙunshe da shawarwari iri-iri. Wasunsu haƙƙin mutanen gari ne, wanda duk ya ƙwace su daga hannunsu ya kashe aikin. Wasu kuma na ƙwararru ne, jibga su a wuyan mutanen gari cutarwa ce ko da an yi ta da kyakkyawar niyya.

Wani masanin tattalin arziki, Asim Khwaja, ya bi ayyuka 132 a yankin Baltistan na arewacin Pakistan, irin su magudanan ban ruwa da hanyoyi, yana duba lafiyar kowanne bayan an daɗe da gama shi. Inda jama'a suka yi ruwa suka yi tsaki wajen zaɓen aikin, da rabon aikin ƙarfi, da dokar amfani, da hukuncin wanda ya ƙi biya, aikin ya fi samun kulawa. Inda kuma aka sakar musu shawarwarin fasaha, kamar girman ginin da zanensa, aikin ya fi lalacewa. Wannan rabo shi ne ma'aunin da za mu bi da shi, kuma za mu ɗauki rijiyar burtsatse a matsayin misali saboda ita ce aikin da aka fi yi, ita ce kuma aka fi yin kuskure a kanta.

Zaɓen aiki na mutanen gari ne, babu jayayya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai akwai wani tarko tun a zaman farko: idan baƙo ya sauka daga mota ya ce ya kawo rijiya, babu garin da zai ce ba ya so, ko da abin da ya fi damunsa shi ne gadar da damina ke yankewa. Mutane sun san kyautar da aka ƙi karɓa wani gari take wucewa, don haka suna faɗin abin da suka fahimci baƙon yana son ji. Famfon nan na PlayPump misali ne da duniya ta shaida. An ƙera shi kamar lilon yara mai juyawa, a kan cewa wasan yara zai riƙa jawo ruwa zuwa tanki, kuma a 2006 aka yi masa alkawarin dala miliyan 16.4 daga gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi. Da aka kafa shi, sai ta bayyana yara ba sa wasa yawan sa'o'in da ruwan gari ke buƙata, mata ne suka koma tura shi da ƙarfi, ya fi famfon hannu tsada nesa ba kusa ba, kuma in ya lalace babu mai iya gyara shi a kusa. Da an zauna da matan da ke ɗibar ruwa tun farko, da sun faɗi wannan cikin rabin sa'a.

Hanyar kauce wa tarkon ita ce a zo da adadin kuɗi da sharuɗɗa, a bar sunan aikin a buɗe. A yi zama daban-daban kafin babban taro: mata su kaɗai, matasa su kaɗai, mazauna unguwannin gefe da baƙin da suka zauna daga baya su kaɗai, domin a gaban manya akwai maganar da ba ta fitowa. A zana taswirar gari a ƙasa, a sa alamar kowane gida da kowace mashaya da hanyar da ake bi, sai a ga da ido waɗanda suka fi nisa. Idan an tara buƙatu biyar ko shida, a ba kowane baligi tsakuwa goma ya rarraba su cikin ƙorai a bayan labule, yadda babu mai ganin inda ya jefa. Ɗaga hannu a bainar jama'a yana auna tsoro da kunya fiye da ra'ayi. A sa ranar taro nesa da lokacin shuka da girbi, a kuma amince tun farko cewa in wakilan gidajen da suka halarta ba su kai kashi biyu cikin uku ba, ba a yanke hukunci.

Maganar masu faɗa a ji tana buƙatar natsuwa. Kowane gari yana da shugabanni da attajirai da masu ilimi, kuma duk aikin da ya zagaye su ya shiga ta bayan gida ba ya daɗewa, domin su ne ke sasanta rigima, su ne ke iya tilasta wa mai taurin kai ya biya. Haɗarin shi ne kuɗin waje yana sauya fasalin duk ƙungiyar da ya shiga. Wasu masu bincike, Mary Kay Gugerty da Michael Kremer, sun bi ƙungiyoyin mata a yammacin Kenya bayan an ba su tallafi, suka tarar masu ilimi da masu hali sun shigo sun karɓe shugabanci, tsofaffin matan da aka kafa ƙungiyoyin dominsu kuma sun ja da baya. A Saliyo, shirin GoBifo na tallafa wa ƙauyuka ya wajabta sanya mata da matasa cikin shugabancin kwamitoci. Gine-ginen sun samu, kuma masu kyau, amma da aka koma bayan kimanin shekara huɗu, yadda ake yanke shawara a garuruwan bai sauya ba. Wannan ya isa ya sa mai tallafi ya rage buri: aikin shekara biyu ba zai sake tsarin zaman da aka gada kaka da kakanni ba. Abin da zai iya shi ne kafa ƙa'idojin da za su tsare wannan aikin daga son zuciya.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Kwamiti ya zama mutum biyar zuwa bakwai, a zaɓe su da ƙuri'ar sirri, wa'adin shekara biyu. Aƙalla rabinsu su fito daga masu amfani da abin kullum, wanda a harkar ruwa yawanci mata ne, kuma a ba su muƙami mai riƙe wani abu, kamar ma'aji, kada su zama cikon benci. Shugaba da ma'aji da sakatare kada su fito daga gida ɗaya. Shugaban gari ya tsaya a matsayin uba mai karɓar ƙara, kada ya shiga kwamitin, domin in shi ne ma'aji babu wanda zai iya ce masa ya kawo lissafi. Kuɗi kada su fita sai da sa hannun mutum biyu cikin uku.

Fili ma a gama maganarsa kafin injin haƙa ya iso. Wanda ya ba da gefen gonarsa da baki ɗaya yau, gobe zai rasu, magada su kewaye wurin su ce rijiyar ubansu ce. A rubuta kyautar ko cinikin, da tsawo da faɗi, da hanyar shiga, a sa hannun mai fili da magadansa da shaidu, a kai kofi ofishin hukumar yankin.

Sai gudummawar gari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yawancin manyan shirye-shirye sun tsaya a kan kusan kashi 10 cikin 100. Shirin haɗin kan ƙasa na Afganistan da aka fara a 2003 ya riƙa ba da dala 200 a kan kowane iyali, iyaka dala 60,000 ga gari ɗaya, gari kuma ya kawo kashi 10 na kuɗin aikin, da tsaba ko da kaya ko da aikin ƙarfi. Amfanin gudummawar bai tsaya ga rage wa mai tallafi nauyi ba. Gwaji ce: garin da ya kasa yin karo-karon kashi goma alhali yana ɗokin aikin, da wuya ya iya tara kuɗin gyara bayan ɗoki ya wuce. Saboda haka ya kamata wani ɓangare na gudummawar ya zama tsabar kuɗi, a buɗe asusun gyara da shi tun kafin a fara haƙa. Inda ake zalunci shi ne a ce duk gudummawar aikin gayya ce, sai talaka ya kwashe mako biyu yana ɗaukar yashi, mai hali bai taɓa shebur ba bai kuma ba da ko sisi ba. A rubuta kwanakin aikin kowane gida, wanda ba zai fito ba ya biya ladan yini a madadinsa, a yafe wa gwauraye da tsofaffi da masu jinya a gaban kowa. Kayan da gari ya kawo kuma sai magini ya duba su. Yashin da ke cakuɗe da laka ko ruɓaɓɓen ganye yana raunana siminti, dandamali ya tsage kafin shekara.

Koriya ta Kudu ta gwada wani salo da ya cancanci nazari. A shirinta na raya karkara, Saemaul Undong, da aka fara a 1970, gwamnati ta ba kowane ɗaya daga ƙauyuka 33,267 buhun siminti 335, ta ce su yi abin da zai amfani kowa. Kimanin ƙauyuka 16,600 da suka yi abin kirki da nasu aka ƙara musu buhu 500 da tan ɗaya na rodi. Gaskiya ne shirin ya gudana ƙarƙashin gwamnati mai tsauri wadda ke matsa wa jami'anta lamba, kuma rabon gonaki da aka yi shekara ashirin kafin nan ya riga ya rage tazarar da ke tsakanin manoma, don haka ba a kwaikwayonsa ido rufe. Amma dabarar farawa da kaɗan, a ƙara bayan an ga aiki, tana yiwuwa ga kowace ƙungiyar agaji. A raba kuɗin kashi uku, kada kashi na gaba ya fita sai an karanta lissafin na baya a taron gari.

Yanzu ga ɓangaren da ya hau kan mai tallafi, wanda kuma aka fi gudu saboda ba ya fitowa a hoto. Na farko lissafin girma. Ɗauki gari mai mutum 600, kowa lita 20 a yini, wato lita 12,000. Famfon hannu mai lafiya yana ba da kusan lita 17 a minti, kimanin lita 1,000 a sa'a in ba a tsaya ba ko kaɗan. Ke nan sa'a goma sha biyu cur ana tuƙi, ban da lokacin sauya jarka da ɗauraye bokiti. Famfo ɗaya ba zai ɗauki garin nan ba: layi zai yi tsawo, faɗa zai tashi, waɗanda suka gaji su koma rafi, robobin kuma su cinye da wuri. Shi ya sa ake tsara famfo ɗaya ga mutum 250 zuwa 300. Idan kuɗin ɗaya ne kawai ke hannu, a faɗa wa gari gaskiya tun farko, a tsara dokar awanni da rabon layi.

Wurin haƙa kuma ƙasa ce ke zaɓensa. Jama'a su nuna wurare uku da suka yarda da su, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya auna da na'ura ya faɗi wanda ya fi alamar ruwa. Ya kasance aƙalla mita 30 daga masai da turken dabbobi da juji, kuma ta saman gangare. Lokacin haƙa dole a samu mai sa ido wanda ba yaron ɗan kwangila ba ne, yana tsaye yana ƙirga bututun da ke shiga, domin abin da aka binne ba ya sake ganuwa. A nan ake rage zurfi, a sa bututu mai rauni, a zuba tsakuwar da ba a tace ba a kewayen matatar, wato sashen bututu mai ƙananan huji da ruwa ke shiga ta cikinsu, a tsallake simintin da ya kamata ya toshe mitocin farko na bakin ramin don kada ruwan ƙazanta ya gangara ciki. Bayan haƙa a wanke rijiyar da iska har ruwan ya fito garau babu yashi, sannan a yi gwajin jan ruwa na sa'o'i a ga yadda yake sauka da yadda yake dawowa. Rijiyar da aka haƙa a tsakiyar damina aka ajiye silindarta, wato sashen famfon da ke nutse cikin ruwa yana ɗago shi, sama-sama za ta ƙafe da bazara, daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Gwajin ruwan a ɗakin bincike ba abin sakaci ba ne. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyi don ceton yara daga gudawa, sai a 1993 aka tabbatar da gubar asenik a cikin ruwansu, bayan mutane sun shekara da shekaru suna sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar asenik a maikirogiram 10 cikin lita, ta fuloraid, sinadarin da yawansa ke ɓata haƙora, kuma miligiram 1.5. Tsamin ruwa ma yana da hukunci: in ma'aunin tsami, wato pH, ya yi ƙasa da 6.5, bututun ƙarfe zai yi tsatsa, ruwa ya koma ja yana ɓata tufafi, mutane su guje shi, daga baya bututun ya hude. A irin wannan wuri bututun roba da sandunan da ba sa tsatsa ake sawa. Nau'in famfo kuwa a zaɓi wanda kayan gyaransa ke samuwa a kasuwa mafi kusa. Famfo samfurin India Mark II yana da ƙarfi, amma gyaran abin da ke ƙasa yana buƙatar a ɗago bututun gaba ɗaya, aikin makanike ne da mataimaka da manyan kayan aiki. Afridev an ƙera shi ne yadda mutum biyu za su zaro sandunan da bawul ta cikin bututun da sifana ɗaya, amma robobinsa suna son sauyi a kai a kai. Kowanne aka ɗauka, a riƙe kashi 5 zuwa 10 na kuɗin ɗan kwangila har wata shida ko shekara, sai an ga rijiyar ta tsallake rani.

Kan batun kuɗi akwai wani bincike da ya kamata duk mai wannan harka ya sani. A 1998 Indonesiya ta fara wani shiri na ba ƙauyuka kuɗi kai tsaye. Wani masanin tattalin arziki, Benjamin Olken, ya bi ayyukan hanya a ƙauyuka sama da 600, ya sa injiniyoyi suka haƙa hanyoyin bayan an gama suka auna dutse da yashin da aka zuba da gaske, aka gwama da abin da aka rubuta a takarda. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba a ga inda ya shiga ba. A garuruwan da aka sanar tun farko cewa tabbas masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo, kuma za a karanta sakamakon a bainar jama'a, ɓatan ya ragu da kimanin maki takwas cikin ɗari. Ƙara gayyatar mutane zuwa taro kuwa bai rage shi sosai ba. Dalilin a fili yake: manomi ya san kwana nawa ya yi aiki da nawa aka biya shi, amma ba zai iya duban hanya ya san ko tifa arba'in aka zuba ko talatin ba.

Don haka ido biyu ake buƙata. Na waje shi ne mai binciken kuɗi da injiniya, mai tallafi ne zai biya su, a kuma sanar da zuwansu tun ranar farko. Na cikin gida kuma a ba shi abin da zai iya ƙirgawa. A kafa allo a dandali ɗauke da adadin kuɗin da aka karɓa, da buhun siminti nawa, bututu nawa, ladan yini nawa. A sauke kaya da rana a gaban mutum uku da ba 'yan kwamiti ba, a ajiye buhunan da aka zazzage don a ƙirga su a ƙarshe. A karanta rasit ɗaya bayan ɗaya da babbar murya saboda waɗanda ba su iya karatu ba. A kuma buɗe wata kafa ta kai ƙorafi wadda ba ta bi ta hannun waɗanda ake ƙorafi a kansu ba.

Gyara shi ne inda yawancin ayyuka ke faɗuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Famfon hannu yana da sassa masu cinyewa waɗanda aka san lokacinsu: robar fistin, zoben bawul, da boris ɗin hannu, ana sauya su duk wata shida zuwa shekara gwargwadon yawan tuƙi. Duk mako a ɗaure noti, a share magudana, a sa giris a sarƙa in mai sarƙa ne. Akwai gwaji biyu da kowa zai iya yi. Da asuba, kafin kowa ya taɓa famfon, a ƙirga tuƙi nawa ake yi kafin ruwa ya fito; in ya wuce 'yan kaɗan, bawul ɗin ƙasa ko wata gaɓar bututu na yoyo. Sannan a ƙirga tuƙin da ke cika bokiti ɗaya, a rubuta. Ranar da adadin ya fara hauhawa, robar fistin ta kusa ƙarewa. Boris ɗin da aka bari ya cinye yana sa hannu ya riƙa girgiza har ya ci ƙarfen kan famfon, gyaran 'yan kuɗi kaɗan ya zama na sayen sabon kai. A horar da mutum uku a kan wannan, biyu daga cikinsu waɗanda ba sa barin gari neman kuɗi da rani.

Tara kuɗin kuma ya bi yadda kuɗi ke shiga hannun mutane. Biya a kan kowace jarka yana kawo kuɗi kullum, amma yana buƙatar mai tsaro da za a biya, kuma yana tura marasa hali ga ruwa marar tsabta. Biyan wata-wata a kan gida ya fi sauƙi amma bashi yana taruwa. Inda noma ne abin dogaro, karɓa sau ɗaya bayan girbi ya fi tafiya daidai. Karo-karo bayan famfo ya mutu shi ne mafi muni, domin ana iya kwashe makonni ana bi gida-gida. Wata matsalar kuma ita ce kuɗin da ke kwance a akwati: hauhawar farashi na cinsa, masu neman rance na zagaye ma'aji, da zarar an yi zargi sau ɗaya kowa ya daina biya. Maganin farko shi ne a mai da wani kaso kayan gyara a ajiye. Na biyu a jingina asusun da ƙungiyar adashin gata, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, ya kuma bazu ƙasashe da dama. Mutum 15 zuwa 30 ke haɗuwa duk mako, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku, akwatin a gidan na huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Ana ba da rance har ninki uku na ajiyar mutum, a raba uwa da riba bayan kusan shekara. Mutanen da suka saba ƙirga kuɗi a fili duk mako sun fi iya riƙe asusun famfo.

Duk da haka akwai iyakar abin da aikin sa kai zai ɗauka. 'Yan kwamiti suna gajiya, wanda aka horar yana ƙaura, kuma in bututu ya tsinke ya faɗa rami ko rijiyar ta cike da yashi, abin ya fi ƙarfin akwatin gari. Shi ya sa ake komawa ga ƙulla yarjejeniya da makanike mai kula da famfuna ashirin ko talatin, ana biyansa wata-wata ko an lalace ko ba a lalace ba, da sharaɗin ya iso cikin kwanaki ƙayyadaddu. A Kenya, wani tsari irin wannan mai suna FundiFix ya rage zaman famfo a mace daga kusan wata guda zuwa ƙasa da kwana uku. Manyan gyare-gyare kuwa a rubuta tun farko wa zai ɗauka, kuma a nan dole hukumar yankin ta shigo. Ƙungiyar agajin da ta yi aiki ba da sanin hukuma ba ta bar maraya. Wannan ya fi tsanani a makaranta da asibiti: a zamanin Harambee, wato yunƙurin taimakon kai da kai bayan 1963, al'ummomin Kenya sun gina makarantun sakandare masu yawa da guminsu, da dama daga ciki suka yi fama da rashin ƙwararrun malamai da kayan aiki. Kafin a aza bulo ɗaya na aji ko ɗakin shan magani, a samu takardar hukuma cewa za ta turo ma'aikaci ta kuma biya shi.

Akwai halaye na masu tallafi da ke rusa duk wannan ba da gangan ba. Biyan kuɗin zama ga masu halartar taro yana koya wa mutane cewa taron na baƙo ne, ranar da aka daina biya dandali ya zama wayam, har aikin gayyar da aka saba yi kyauta ya mutu. Gaggawar kashe kuɗi kafin shekarar kasafi ta ƙare tana sa a tsallake watanni uku ko huɗu na zama da jama'a, alhali su ne ginshiƙin. Ƙungiyoyi biyu a yanki ɗaya, ɗaya na neman gudummawa ɗaya na yin komai kyauta, suna sa garin da ya yi karo-karo ya ji an cuce shi. Rahoton da ke ƙirga rijiya nawa aka haƙa, bai ƙirga nawa ke ba da ruwa bayan shekara uku ba, yana ba ma'aikaci lada a kan sabon gini ya hana shi lada a kan komawa tsohon. Masu ba da sadakarsu daga nesa suna da hannu a nan: in suka ƙi yarda a kashe ko kaɗan daga kuɗinsu a kan sa ido da horo da bibiya, sun tilasta wa ƙungiyar ta yi gini ta gudu.

Ranar tafiya a faɗe ta tun ranar zuwa. Wajen miƙa aiki, a bar wa kwamiti takardar rijiyar mai nuna zurfinta, da inda matatar take, da zurfin ruwa, da inda aka ajiye silinda, domin makaniken da zai zo bayan shekara biyar ba shi da wata hanyar sanin abin da ke ƙasa. A haɗa da sakamakon gwajin ruwa, da takardar fili, da sifanoni, da kayan gyara na shekara ɗaya, da lambar makanike da ta jami'in hukuma, kofi ɗaya kuma ya tafi ofishin yankin. Sannan a ware kuɗin komawa sau uku, bayan wata shida, bayan shekara, da bayan shekara biyu, ɗaya daga ciki a ƙarshen rani kuma ba tare da sanarwa ba. Wanda ya je ya tuƙa famfon da hannunsa ya ƙirga, ya buɗe littafin ma'aji ya ga ranar shigar kuɗi ta ƙarshe, ya sa a ƙirga abin da ke cikin akwati a gabansa, ya tambayi yaushe aka yi zaɓen kwamiti, sannan ya taka zuwa gida mafi nisa a garin ya tambayi matar gidan inda ta ɗebo ruwan da ke cikin randarta a safiyar nan.